Hayaƙi a Idon Balaraba

Ranar da hayaƙin ya dawo wa Balaraba karo na uku, ko wuta ba ta kai ga hurawa ba. Tana tsugune a bakin tabkin Madarunfa da hantsi, jiragen masunta sun fara fitowa, ta zube karfasa a daro tana kankarewa, sai ta ga wasu baƙaƙen abubuwa kamar ƙananan ƙudaje suna yawo a kan ruwan daron. Ta kai hannu ta kore su, ba su tashi ba. Ta ɗaga kai ta dubi tabki, suka bi ta can. Ta rufe idon dama da bayan hannu, tabkin duk ya yi dishi-dishi, kamar an cinna wa ɗanyen kara wuta a tsakaninta da shi. Ta rufe na hagu, ga ruwa garau, ga balbela a kan kututture, ga mijinta Illo can nesa yana tura jirgi da gora.

Ta ajiye wuƙar a bakin daro, ta ce a hankali, kamar mai magana da baƙon da ba a so, "To, ka dawo ke nan."

Balaraba mai suyar kifi ce, kuma duk wanda ya taɓa sauka tashar Madarunfa da yunwa ya san rumfarta. Doguwa ce, mai saurin hannu da saurin baki, shekarunta talatin da 'yan kai, 'ya'yanta uku. Daga Safo aka kawo ta, gidan manoma, ba ta san kifi ba sai da ta auri Illo. Amma ba a jima ba ta fi matan da aka haifa a bakin ruwa gane wanda ya kwana da wanda aka fiddo yanzu. Direbobin garin Ɗan Isa tun suna hanya suke yi mata waya a ajiye musu tarwaɗa.

Karon farko ya zo mata ne bayan ta yaye ɗanta na biyu. Ta je gidan likita na unguwarsu, majo Habibu, ma'aikacin jinyar da ke riƙe da wurin, ya haska mata tocila, ya ɗaga fatar idon sama da ƙasa, ya ce bai ga komai ba: ba ja, ba kwantsa, ba yana. Ya ba ta maganin ɗigawa. Ta yi ta ɗigawa har kwalbar ta ƙare, hayaƙin ko motsi bai yi ba, sai da ya gaji don kansa ya janye. Karo na biyu ya same ta a Safo da damina, lokacin da ta je jinyar mahaifiyarta. Wani mai tallar magani a kan keke ya ba ta wasu ƙananan fararen ƙwayoyi, irin waɗanda 'yan mata ke sha don su yi ƙiba, ya ce suna wanke ido. Da farko kamar gaske, gani ya ɗan washe. Daga baya abin ya taso da ƙarfin da ya fi na da, da ya tafi kuma ya bar mata wani baƙin gurbi a gefen gani. Tun daga lokacin, in ta dubi mutum da idon hagu kaɗai, kunnensa ɗaya ba ya nan.

Abin da ya fi cutar ci mata rai shi ne idon nata fari tas yake. Duk wanda ta faɗa wa sai ya matso ya leƙa, ya ja da baya ya ce ai idonki lafiya lau. Wasu matan bakin ruwa suka ce son jiki ne, tunda ta ga rumfa ta kafu. Wasu suka ce mutanen ruwa ne suka shafe ta, don tana yawan zubar da wankin kifi ba ta yi bisimilla ba. Surukarta, wadda duk gidan ke kira Inna, ta karɓo mata rubutu da tofi. Balaraba ta sha, ta shafa, ba ta raina ba. Amma ta san akwai wani abu a cikin idon nan, abu mai wurin zama, wanda ke barci ya farka.

Da Illo ya dawo daga ruwa ta faɗa masa. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya son magana biyu, kuma yana son matarsa ƙwarai. Yana warware raga ya ce shi ya daɗe yana tunanin abin nan, ya kuma gano shi. Mace ta wuni kanta a kan kasko, hayaƙin itace da tururin mai suna shiga idonta shekara da shekaru, ta ce tana ganin hayaƙi, to mene ne abin mamaki? Bai jira amsarta ba. Kafin la'asar ya ɗauki babban kaskonta da matsami ya kai ɗakin Inna, ya tura su ƙarƙashin gado, ya ce suya ta ƙare sai ido ya warke.

Balaraba ta bari sai da ya ci abinci ya sha ruwa, sannan ta zauna a gabansa.

"Malam, wancan karon ina nike da ya kama ni?"

"Safo."

"Kifi nawa na soya a Safo?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Kuma da idanu biyu nike tsayawa kan kasko. Mi ya sa hayaƙin ya zaɓi guda? Lami da ke gefen rumfata ta riga ni fara suya, ga ta nan tana zura zare a allura. Ka ɗauke mini sana'a, ba ka ɗauke mini ciwo ba."

Illo ya ce ko ma mene ne, hutu ba ya kashe mutum. Ita kuwa ta ce ba hutu take nema ba, tana son wanda zai gaya mata sunan abin da ke cin idonta.

Washegari ta koma wajen majo Habibu. Ya sake haska tocila, ya sake ɗaga fatar ido, ya miƙa hannu zai ɗauko kwalbar ɗigawa. Ta ce ya bar ta inda take. Ta tambaye shi ko wannan fitilar tasa tana kaiwa har ƙarshen ido. Majo mutum ne mai gaskiya, ya ce a'a, iyakarta gaba-gaba, bayan ido sai da na'ura, na'urar kuwa sai Maradi. Sai dai ya ce shi ba ya son ya tura mutane su sha wahalar hanya a kan idon da bai ga aibinsa ba, a je a ce majon Madarunfa bai san aikinsa ba.

"Majo, ka tsaya a zaure ka ce cikin gida lafiya," in ji ta. "Ni da ke ciki na ce maka akwai wuta. Rubuta mini takardar."

Ya ce ta je ta gwada maganin tukuna, in bai yi ba ta dawo. Ba ta yi musu ba. Ta fita ta zauna a kan bencin da ke bakin ƙofarsa, ta gyara lulluɓi. Masu awon ciki suka zo suka tafi, masu zazzaɓi suka zo suka tafi. Duk wanda ya tambaye ta me take jira sai ta ce takarda. Duk fitowar da majo zai yi sai ya same ta a wurin, ta gaishe shi da ladabi kamar yanzu suka haɗu. Da ya fito zai tafi sallar azahar ya tsaya ya dube ta, dariya ta kusa kuɓuce masa. Ya koma ciki ya rubuto, ya ce Allah ya sa ita ce da gaskiya, don shi ma abin ya fara damunsa.

Saura Illo. Ya ce a bari a ga yadda hutun zai yi, ga shi kifi na kamuwa, ba lokacin barin ruwa ba ne. Balaraba ta ce ba za ta sa ƙafa waje ba da izininsa ba, bai taɓa ganin ta yi haka ba, ba kuma zai gani ba. Amma in shi ba shi da sarari, za ta aika wa yayanta Zakari a Safo ya zo ya roƙe shi ya kai ta, tunda idon na gidansu ne. Illo ya san abin da za a ce a Safo in haka ta faru. Da safe ya goge moto, babur ɗin da yake hawa, ya ɗaure wa kansa rawani, suka kama hanyar Maradi. 

A gidan likitan ido suka tarar da layi, yawanci tsofaffi masu yana, kowa da mai ja masa gora. Wata tsohuwa ta tambayi Balaraba wa ta rako. Da layi ya zo kanta aka sa ta karanta alamu a bango, ido ɗaya bayan ɗaya, sannan aka shigar da ita wajen likitar, lokotoro Zahara'u, wata 'yar siririyar mace mai tabarau wadda ba ta gaggawar magana. Ita ce mutum na farko da bai ce mata idonki lafiya ba. Tambayoyi ta yi ta jerowa: yaushe ya fara, sau nawa, yana zafi ko ba ya yi, abubuwan da take gani suna bin ido in ta juya shi, me ta sha. Da Balaraba ta ambaci ƙwayoyin mai keke, likitar ta ajiye alƙalami ta dube ta. Aka ɗiga mata wani magani mai yaji da ke buɗe baƙin ido, aka ce ta jira a inuwa.

Da aka sake kiranta duniya duk ta zama haske mai kashe ido. Ta ɗora haɓa a kan na'ura, likitar ta yi ta cewa dubi sama, dubi kunnena, dubi ƙasa. Ta daɗe a kan idon hagu. Sannan ta ɗauki hoton cikinsa, ta ce a kira maigidan.

Illo ya shigo yana riƙe da takalmansa a hannu. Likitar ta juya masa allon na'urar. Ta ce wannan jan faifan da yake gani shi ne tantanin bayan ido, inda gani ke sauka. Ta nuna masa wani tabo mai baƙin baki kamar wurin da garwashi ya faɗa a tabarma, ta ce wannan tsoho ne. Ta nuna wani babba kusa da shi, ta ce wannan na lokacin ƙwayoyin ne, don irin wannan ƙwayar tana kwantar da masu tsaron jiki, in an sha ta ita kaɗai sai cutar ta samu fili. Sannan ta ɗora yatsa a gefen babban tabon, inda wani abu fari ya yi tsiro kamar audugar rimi, ta ce wannan shi ne na yanzu, yana ci, kuma hayaƙin da matarsa ke faɗa daga nan yake tashi ya gauraye ruwan cikin ido.

Balaraba ta juya wajen allon, ba ta ga komai ba sai jan haske yana rawa, saboda maganin da aka ɗiga mata. Ba ta damu ba. Ta ji yadda numfashin Illo ya sauya, wannan ya ishe ta.

"Likita, ki faɗa da bakinki ya ji," ta ce. "Hayaƙin suya ne?"

"Hayaƙin suya yana sa ido ja da hawaye, kuma ba na yaba shi. Amma ba shi ya yi wannan ba."

Ta yi musu bayani cewa wata ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa, ana kiran ciwon da take sawa toksoplasmos. Tana fitowa daga kashin kyanwa ta shiga ƙasa da ruwa da ganye, ana kuma samunta a naman da bai dahu sosai ba. Mutane da yawa suna ɗauke da ita ba su sani ba har su mutu. A wasu kuwa sai ta je bayan ido ta yi wa kanta ƙwanso a bakin tabo ta kwanta. Wataƙila tun Balaraba na yarinya ta shige ta, ba mai iya sanin ranar. Ba a ɗauka daga mutum zuwa mutum, don haka kada a ware mata kwano. Ta tura ta awon jini don a tabbata ba wani ciwon ba ne ya yi shigar wannan, ta kuma tambaye ta ko tana da ciki. Babu.

Balaraba ta ce to a ba ta maganin da zai kashe ta gaba ɗaya. Nan likitar ta cire tabarau. Ta ce ba za ta yi mata ƙarya ba, maganin yana kashe waɗanda suka farka, bai iya fasa ƙwanson masu barci. Tabon da ya riga ya zauna kuma ya zauna. Na yanzun yana kusa da tsakiyar gani, shi ya sa dole a tare shi da wuri. Kuma zai iya dawowa.

Wannan maganar ta fi duk abin da aka taɓa faɗa mata zafi. Ta yi zaton ranar da aka ga abin, ranar za a gama da shi. Ta sunkuyar da kai har likitar ta ɗauka kuka za ta yi. Sai ta ɗago ta ce, tunda zaman tare ya kama su da abin nan, a gaya mata halinsa duka, don ita ba ta zama da wanda ba ta san halinsa ba. Likitar ta gaya mata. Ƙwaya iri biyu ce. Babbar, mai kashe cutar, ita za ta fara, safe da yamma, da ruwa mai yawa, har wata guda da 'yan kai. Ƙaramar, mai kwantar da kumburi, sai bayan babbar ta kama aiki, kuma a hankali za a riƙa rage ta, ba a yanke ta rana ɗaya. In ta ga ƙuraje a jiki ko gyambo a baki, ta tsaya ta zo a ranar. Balaraba ta karɓi ƙaramar ƙwayar ta kai ta dab da idonta na dama, ta ce ai wannan 'yar'uwar ta mai keke ce. Likitar ta ce ƙwarai, ita ce, bambancin kawai yanzu ba ita kaɗai za ta shiga ba.

A hanyar komawa ta rufe fuska da gyale saboda hasken rana. Sun wuce rabin hanya Illo ya rage gudu, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Na gani."

"Na san ka gani," ta ce.

Ganin da ya yi bai sa kasko ya fito daga ƙarƙashin gado ba. Tsoro ne ma ya ƙaru masa. Ya ce yanzu da ya san akwai miki a cikin idon, ba zai bar ta kusa da wuta ba ko kaɗan. Ya kuma ɗaura yaƙi da kyanwoyin bakin ruwa, waɗanda suka saba zagaye masu gyaran kifi suna jiran hanji, ya tanadi duwatsu a jirgi. Balaraba ta hana shi. Ta ce likita ta ce wanda ke cikin idonta ya riga ya shiga, ko an kashe kyanwoyin ƙasar nan kaf ba zai fita ba, alhaki kawai zai kwasa. Abin da aka ce shi ne a wanke hannu, a wanke ganye, a dafa nama ya dahu, a daina shan ruwan tabki. Wannan kuwa ta tsaya a kansa, saboda yara. Ta sa aka yi wa randa murfi, ta hana kowa tsire mai jini-jini, har Illo.

Maganin bai zo mata da sauƙi ba. Babbar ƙwayar tana tayar mata da zuciya, bakinta kullum ɗaci. Ƙaramar ta buɗe mata ciki, ta riƙa cin tuwo kamar mai noma, ta zama mai saurin fushi, fuskarta ta kumbura ta yi zagaye. Nan da nan magana ta zaga unguwa cewa ashe ba ciwon ido ba ne, Balaraba ƙwayar ƙiba take sha, ta sa miji ya kai ta har Maradi ta sayo mai tsada. Inna ta kira ta ɗaki, ta ce ita ba ta yarda da surutun mutane ba, amma maganin da ke kumbura mutum ba magani ba ne, kuma tunda ta ce gani ya fara washewa, ta bar shi haka nan. Balaraba ta durƙusa ta ce, "Inna, ki gafarce ni. Na taɓa yin yadda na ga dama da ido, ga abin da ya bar mini. Wannan karon sai na kai ƙarshe." Tana durƙushen ta hango bakin kaskonta a ƙarƙashin gado, gizo-gizo ya fara yi masa saƙa.

Da ta koma awo Maradi, likitar ta ce farin abin ya fara ƙanƙancewa, bakinsa na bushewa. Balaraba ta sa ta maimaita a gaban Illo cewa aiki ba ya hana warkewa, sai dai ta gyara murhu yadda iska za ta riƙa kwashe hayaƙi. Illo ya ce ya ji, amma a ƙara haƙuri kaɗan. Ta ce masa gobe ranar kasuwa ce, kuma da yardarsa take son ta fita, amma ya sani zama ya ishe ta. Ya ce maganar kasko ta rage tsakaninta da Inna.

Da safe ta shiga ɗakin Inna ta gaishe ta, ta tambayi kwanan ƙafarta mai ciwo, sannan ta sunkuya ta jawo kaskon. Tsohuwar ta dube ta, ta dubi kaskon, ta ce a dai wanke shi da toka tukuna. Balaraba ta ɗora shi a ka, ba ta bi ta lungu ba, ta bi ta tsakiyar kasuwa da kumburarriyar fuskarta a buɗe. A rumfa ta tarar Lami, maƙwabciyarta a sana'a, ta matso da teburinta ta cinye rabin wurin. Lami ta yi 'yar dariya ta ce amarya ta fito, a sammata sunan ƙwayar mana ita ma ta yi kumatu.

Balaraba ta sauke kasko, ta ce yadda na kusa za su ji, "Sunanta ba ɓoyayye ba ne. Amma ni likita ta rubuta mini, da wata ƙwayar a gabanta, kuma ina ƙirga ranar rabuwa da ita. Na taɓa sayen irinta a hannun mai keke, ta cinye mini gefen ido har abada. Wadda ke so ta je ta saya. Matsa mini da teburinki."

Lami ta matsa. Kafin rana ta take an ji ƙamshin tarwaɗa daga inda aka saba jin sa.

Ta kai maganin ƙarshensa. Hayaƙin ya janye, fuska ta saɓe, amma sabon tabon ya ɗauki nasa rabon. Baƙin gurbin ya matso ciki, yanzu in ta dubi mutum da hagu kaɗai har gefen idonsa babu. Tsakiyar dai ta tsira. Ta koyi ɗan karkata kai in tana yanka, ta yanke yatsa sau biyu kafin hannun ya saba. Kowace safiya bayan salla takan tsaya a tsakar gida ta rufe ido ɗaya ta dubi ƙofa, ta rufe ɗayan ta sake duba, sannan ta shiga harkarta.

Damina biyu suka wuce lafiya. Ana cikin girbi na gaba ta ga ƙudajen nan, guda biyu uku kawai. Ba ta jira su yi yawa ba. Ta bar wa Lami kifin ranar ta soya, ta aika aka gaya wa Illo a ruwa, ta shiga motar Maradi. An tare shi tun bai yi ƙarfi ba, bai ƙara cin komai ba. Saboda yawan dawowar da kuma kusancinsa da tsakiyar gani, likitar ta ce bayan wannan za ta ɗora ta a kan babbar ƙwayar jefi-jefi na tsawon lokaci, don ta rage masa farkawa. Ta kuma gaya mata abin da ta gani a idon dama: wani ɗan tsohon tabo can gefe, a kwance, bai taɓa motsi ba. Balaraba ta tambaya ko shi ma zai iya tashi. Likitar ta ce zai iya, zai kuma iya kwanciya har ƙarshen rayuwarta.

"To, Allah ya ba shi nauyin barci," in ji Balaraba. "Ni kuma ina da magana. Ina son in ƙara haihuwa."

Likitar ta ce wannan maganin da ciki ba sa shiri, musamman a farkonsa da ƙarshensa. In tana son ciki sai an ajiye shi, kuma ciki kansa yakan tayar da ciwon a wasu matan. Ga jaririn dai haɗarin kaɗan ne, tunda cutar tsohuwa ce a jikinta, amma idonta ne zai zauna ba mai gadi. Da an bi ta tata, da an jira. Balaraba ta ce shekaru ba sa jiranta, kuma in ta ce sai ranar da abin nan ya ba ta izini za ta yi rayuwa, ba za ta yi ba. Suka yi ta ja, a ƙarshe suka tsaya a kan cewa za ta sha maganin shekara guda cur, sannan a ajiye. In ciki ya samu, duk awon ciki sai ta haɗa da awon ido, in kuma ya tashi akwai wasu magungunan da mai ciki ke iya sha. Illo ya ji tsoro, ya ce uku ma Allah ya yi musu albarka. Ta ce masa ta ji, kuma ba ta raina ukun ba.

Haka aka yi. Ta yi shekararta, aka ajiye magani, cikin ya zo bayan wasu watanni. Ta yi ta zirga-zirga tsakanin Madarunfa da Maradi da tulun ciki, direbobin tasha har sun san kujerarta. Idanun duka biyu suka yi shiru har ta sauka. Namiji ta haifa, lokacin sanyi, aka sa masa Abdul Azizu. Bayan ta gama wankan jego ta kai shi wajen lokotoro Zahara'u, aka buɗe masa baƙin ido yana ta tsala kuka, likitar ta duba ta ce babu komai, tas yake.

Yaron yana rarrafe ciwon ya sake tashi, a hagun dai. Balaraba ta gaya wa Illo yana gyaran jirgi, ya ajiye guduma ya ce bari ya ɗauko moto. Ta ce ya yi aikinsa, ta san hanya. Ta goya Abdul Azizu, ta ɗauki ruwan sha da zanen canji, ta biya ta ɗakin Inna ta ce a sa mata ido a kan yara in sun taso daga makarantar lakwal, ta nufi tasha.